Kurciya Mai Tozo

Irmiya, Rifkatu, Saratu, da kai Filibus auta, ku matso ku saurara. Kowa ya kife wayarsa. Na rubuta maganar nan a takarda ne da gangan, domin in na ce zan faɗe ta da baki, wani a cikinku zai katse ni, ni kuma raina ya ɓaci, a tashi ba a gama ba. Saratu ce za ta karanta. Na daɗe ina ba matan ikilisiya misali ranar Lahadi, yau kuwa 'ya'yan cikina zan ba.

Akwai wani mutum mai shagon sassaƙa rubutu a kan ƙarfe. In ana son sunan da za a manna a ƙofar ofis, ko lambar yabo, ko rubutun da ake kafawa a jikin sabon gini, wurinsa ake zuwa. Ya tsufa, 'ya'yansa kuma babu mai sha'awar sana'ar. Yana da inji ɗaya da ma'aikata biyu.

Ku gane injin nan da kyau, domin a kansa maganar take. Yana da hannuwan ƙarfe da aka harhaɗa, suna buɗewa suna rufewa kamar almakashi. A wannan gefe akwai tsinken ƙarfe marar kaifi, a wancan gefe akwai haƙori mai juyawa wanda yake cin tagulla. Injin bai san ko harafi ɗaya ba. Sai an fara sassaƙa masa zanen a kan wani allon roba mai tauri, manya-manya, kowane layi da kwarinsa kamar kwarin kunya a gona. Shi suke kira allon jagora. Mai tuƙa injin yakan saka tsinken a cikin kwarin ya bi da shi. Duk inda tsinke ya bi a kan allo, haƙori ma ya bi a kan tagulla, sai dai a ƙanƙance, kashi ɗaya cikin huɗu. In allo ya yi dama, tagulla ta yi dama. Injin ba ya ƙari, ba ya ragi.

Mai sassaƙa alluna sunansa Dogara. Shekararsa ashirin da biyu a ɗakin baya, mai taga ɗaya, shi da rula da kamfas da siririn cizal da magagari da samfefa. Allo ɗaya yakan ci masa kwana uku. Yakan auna, ya zana, ya goge, ya sāke aunawa, kafin ya yarda cizal ya taɓa roba. Aikin ya ranƙwafar masa da wuya, ya sa masa tabarau tun bai yi furfura ba.

Mai tuƙa injin kuwa sunansa Tanimu. Shekara shida ke nan da zuwansa, Dogara ne ma ya koya masa riƙon tsinke. Injin a bakin ƙofa yake saboda haske, don haka duk wanda ya shigo, Tanimu yake gani. Ga shi da fara'a, ga baki. Yana tuƙi yana hira, garin tagulla yana tashi kamar zinariya, mutane su tsaya suna kallo baki buɗe. In ya gama ya cika layukan da baƙin fenti ya goge, sai rubutu ya fito raɗau, mai kaya ya ce, "Kai, Tanimu, Allah ya yi maka hannu!"

Tanimu ya ce, "Sai godiyar Ubangiji."

Daga bayan labulen ɗakin baya Dogara ya ce a ransa, yana gode wa Ubangiji da aikin wani.

Da fari abin bai dame shi sosai ba. Amma wata rana ya fito shan iska, rigarsa duk garin roba, sai wani mai kaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, ɗan kira mini mai aikin mana." Dogara ya shiga ya kira Tanimu. Daga ranar nan ya fara ƙidaya. Ya san sau nawa aka yabi Tanimu a mako. Ya san wanda ya kawo masa goron yabo, da wadda ta aiko masa da ƙosai. Da can kwano ɗaya suke cin abincin rana, sai Dogara ya ce cikinsa ba ya son mai, ya koma ci shi kaɗai a ɗakin baya. In Tanimu ya leƙo da safe ya ce, "Yaya, ina kwana?" sai ya amsa ta hanci, kansa a sunkuye. Dariyar Tanimu ma ta koma masa kamar ana goga magagari a haƙorinsa.

Ana nan, sai maigidan ya kira su duka biyu ya ce, "Idona ya gaji, ƙafata ta gaji. In Allah ya kai mu Kirsimeti, zan ba ɗayanku makullin shagon nan." Bai ce wane ba.

A makon nan Dogara ya ɗaga labule, ya hangi tsohon a tsaye kusa da inji, shi da Tanimu sun haɗa kai suna magana ƙasa-ƙasa suna dariya. Da suka gan shi, Tanimu ya yi wuf ya rufe wani abu da tafin hannu. Bayan kwana biyu kuma wani mai kaya ya ce wa tsohon, "Baba, ai ka riga ka sami magaji," yana nuna Tanimu da haɓa. Tsohon ya yi murmushi kawai. Dogara ya saki labule, ya zauna, ya ɗauki cizal ya kāsa aiki. Shekara ashirin da biyu! Zai zama yaron wanda ya koya wa riƙon tsinke, ya riƙa neman izininsa kafin ya fita.

A cikin wannan hali ne uwar zumuntar mata ta wata ikilisiya ta zo da aiki. Zumuntarsu za ta cika shekara hamsin, suna so a yi lambobin tagulla arba'in domin tsofaffin matan da suka fi daɗewa a cikinta. A kowace lamba a zana kurciya da fikafikanta a buɗe, sunan zumunta ya kewaye ta. Bikin ranar Asabar ta sama ne. Aka aika wani gari mai nisa aka yanko tagullar, arba'in cif.

Dogara ya yi kwana huɗu a kan allon. Bai taɓa yin irinsa ba. Gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya, wuyan ya lanƙwasa, bayan ya gangaro sumul har wutsiya. Shi kansa da ya gama ya daɗe yana kallo.

Al'adar shagon ita ce, ba a taɓa tagullar mai kaya sai an yi gwaji. Akan ɗora sabon allo a inji, a sassaƙa ɗaya a kan guntun ƙarfen da ba a bukata, a cika da fenti, a goge, a nuna wa maigida. In ya gyaɗa kai, sai a rataye gwajin a ƙusa, sannan a fara aiki. Tanimu ya yi gwajin, tsohon ya duba ya gyaɗa kai. Ba a kai ga ratayewa ba sai ga uwar zumunta ta biyo ta dawowa daga kasuwa. Ta karɓa ta kai kusa da idonta, ta dafe ƙirji.

"Tanimu ɗana, kai ka yi wannan? Ai sai ka ce za ta tashi!"

Tanimu ya sosa ƙeya yana dariya, ya ce, "Haba Mama, ai ƙaramin aiki ne."

Dogara yana bayan labule. Ƙaramin aiki. Kwana huɗu, idonsa har yana ruwa. Maganar ta shiga ƙirjinsa ta zauna daram.

Da rana ta take, Tanimu ya tafi wurin mai abinci, tsohon ya tafi gida ya ɗan kishingiɗa. Dogara ya fito ya tsaya a kan allon, yana ɗaure a jikin inji. Ya yi tunani irin na gwani. In ya yi babban yanka, kowa zai gani a allo. Abin da yake so shi ne ɓarnar da za ta yi kama da rawar hannu. Ya kuma dubi gwajin nan a ƙusa, lafiyayye, ya ce ga shaidata: duk wanda ya ce allo ne, in nuna masa wannan. Za a ce Tanimu ne, surutu ya ɗauke masa hankali. Tsoho zai ga irin wanda yake shirin ba makulli.

Ya san Tanimu yakan jingina tsinke a bangon waje na kwari, domin shi ya koya masa haka. Sai ya ɗauko siririn cizal, ya je daidai tsakiyar bayan kurciya, ya ɗan ƙwaƙule bangon waje, faɗin ƙwayar wake. Ya yi lissafi: wake a allo, in ya ragu kashi huɗu, zai fito kamar ƙwayar gero a tagulla. Ya isa a gani.

Da ya tsaya nan ya tafi, da wata magana ce. Amma hannun da ya shekara ashirin da biyu ba ya barin kaushi, bai iya barinsa yau ba. Ya ɗauki magagari ya lallaɓa gefen. Ya bi da samfefa. Ya ɗiga mai ya murza da yatsa har sabon yankan ya yi launi ɗaya da sauran. Ya ja da baya ya duba, ido ba ya gani. Abin kunya ma, har ya ɗan ji daɗin yadda ya yi kyau.

Tanimu ya dawo yana sakace, ya fara. Yana tuƙi yana hira da masu wucewa. Garin tagulla da mai sukan rufe layuka, ba a ganin ainihin zanen sai an yi fenti, shi kuma ya ce bari ya sassaƙa duka tukuna ya yi fentin gaba ɗaya. A ta bakwai ya ɗan dakata, ya ɗaga murya.

"Yaya! Kamar tsinken nan yana ɗan zillewa a bayan kurciya."

Dogara yana zaune a ɗakin baya, ya ji shi sarai. Ƙofa ce aka buɗe masa. Da ya tashi ya ce tsaya in duba, bakwai kaɗai za a rasa. Ya ji ƙafarsa tana so ta miƙe. Sai ya tuna da ƙaramin aiki.

Ya ce, "Hannunka ne. Ka rage surutu."

Tanimu ya yi dariya ya ce, "To Yaya, na ji." Daidai nan wani abokinsa ya leƙo da labari, ya ci gaba da tuƙi. Cikin kwana biyu ya gama arba'in.

Ranar Jumma'a da hantsi, ana gobe biki, uwar zumunta ta zo da jakarta, ta ce a gabanta za a goge ta fari. Tsohon yana kan kujerarsa. Tanimu ya cika ɗaya da baƙin fenti, ya goge da tsumma, ya miƙa mata hannu biyu yana murmushi. Ta kai kusa da ido. Ta nisanta. Ta sāke kawowa.

"Ɗana, wannan kurciya ce ko bijimi? Yaushe kurciya ta yi tozo?"

Murmushin Tanimu ya ɓace. Ya karɓa ya duba: ga wani ɗan ƙullutu a tsakiyar bayanta, baƙi ƙirin, ba mai iya ɓoye shi.

Dogara ya ɗaga labule ya fito a natse, kamar wanda hayaniya ta taso. Ya duba lambar ya girgiza kai. Ya miƙa hannu ya ciro gwajin daga ƙusa, ya ajiye a gaban tsohon.

"Baba, ga gwaji, kai da kanka ka duba shi. Allo lafiyarsa ƙalau. Na sha gaya wa yaron nan, hannu da baki ba sa aiki lokaci ɗaya."

Tanimu ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ban san yadda aka yi ba. Yaya ya gaya mini in rage surutu, ban ji ba. Laifina ne. Mama, ki yi haƙuri."

Dogara ya zaci in wannan lokaci ya zo zai ji sanyi a ransa. Bai ji ba. Ya kau da kai.

Tsohon ya dubi lambar. Ya ce, "A goge sauran duka." Aka cika su da fenti, aka goge, aka jera a kan tebur, layi biyar, takwas-takwas. Ya sa tabarau, ya ce a miƙo masa kamfas. Ya auna tozon ta fari, daga wuya zuwa inda ya fara, da kuma tsayinsa. Bai motsa ƙafafun kamfas ba, ya ɗora a kan ta goma. Daidai. Ya ɗora a kan ta ashirin da uku. Daidai. Ya tafi ta ƙarshe. Ko gashi bai bambanta ba.

Ya ɗago ya ce, "Dogara, shekararka nawa a aikin nan?"

"Ashirin da biyu, Baba."

"To, gaya mini. Ka taɓa ganin hannun da ya yi rawa sau arba'in a wuri ɗaya, da girma ɗaya?"

Nan Dogara ya dubi lambobin da ke jere a kan tebur. Duk tunanin da ya yi, kurciya ɗaya ya riƙa gani a ransa, da tozo ɗaya. Bai taɓa jera su arba'in ba. Shi da ya sha gaya wa Tanimu cewa inji ba ya ƙari ba ya ragi, abin da allo ya faɗa shi tagulla take maimaitawa, shi ne ya mance. Hannu in ya yi kuskure, yau nan ne, gobe can. Kuskuren da ya fito iri ɗaya a kan kowa, a allo yake.

Tsohon ya miƙe da ƙyar ya je wurin inji. Bai ko duba allon ba. Ya rufe ido, ya saka farcen babban yatsa a cikin kwarin, ya bi da shi daga wuyan kurciya a hankali. Ya kai tsakiyar baya, ya tsaya.

Dogara ya ce da wata murya da ba tasa ba, "Wataƙila tsinke ne ya ci wurin. Ko kuwa Tanimu ne ya buge shi da wani abu."

Tsohon ya ce, "Tsinke in ya ci allo, kaushi yake bari. Wannan ya sha magagari, ya sha samfefa, har da mai. Tanimu kuwa ko fensir ya fiƙe sai ya karkace. A garin nan kaf, mutum ɗaya na sani da zai lalata allo, ɓarnar ta fito sumul haka. Gwajin da ka ciro kuma ba shaidarka ba ce. Shi ya nuna an yi abin nan bayan na gyaɗa kai."

Uwar zumunta ta ɗauki jakarta ta ce, "Ni bari in jira a waje." Ta fita ta tsaya a inuwa.

Sai abin da Dogara ya daɗe yana haɗiyewa ya ɓalle. "I, ni ne! Shekara ashirin da biyu, Baba, wa ya taɓa ɗaga labulen nan ya ce sannu Dogara? Ni ke zana, ni ke auna, ni ke makancewa, shi kuwa bin rami kawai yake yi kamar akuya a turba, a ce Allah ya yi masa hannu! Har a gabana a ce in kira mai aikin. Kwana huɗu na yi a kan tsuntsuwar nan ya ce ƙaramin aiki. Yanzu kuma za ka ɗauki makulli ka ba shi. Na gan ku kuna ƙus-ƙus kuna dariya, da na fito ya rufe hannu!"

Tsohon ya bar shi har ya gaji. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin shagon. A jikinsa an rataya wata 'yar tagulla sabuwa. Ya ajiye a tafin Dogara. An sassaƙa suna a kai, da kyawawan haruffan nan da Dogara ya yi wa allo shekaru da yawa da suka wuce. Sunan Dogara ne.

"Abin da ka ga muna ɓoyewa ke nan. Ni na sa shi ya sassaƙa, shi kuwa murna ta hana shi rufe baki. Mai tuƙi, wata uku ya koya. Mai allo, na yi shekara ashirin da biyu ina rainon ɗaya. Ka zaci ban san hanyar ɗakin baya ba?"

Dogara ya dubi sunansa, ya dubi Tanimu da ke durƙushe har yanzu yana kallonsa baki buɗe. Ya so ƙasa ta tsage ya shige.

Tsohon ya miƙa hannu ya karɓe makullin, ya mai da shi aljihu. Ya ce, "Ba zan kore ka ba. Amma wannan zai ƙara kwana a nan. Wanda ya riƙe shago, shi ne allon shago, duk wanda ya shigo shi zai bi. Ka fita ka gaya wa baiwar Allah can abin da ka yi, da bakinka. In ka dawo ka yanko sabuwar roba."

Ya juya wurin Tanimu. "Kai kuma tashi, kada ka ɗauka ka fita fes. Ka ji tsinke ya zille, ba ka tsaya ka goge ɗaya ka duba ba, domin hira ta fi maka daɗi. Shekara shida kana karɓar yabon da ka san rabinsa ba naka ba ne, ko sau ɗaya ba ka ce ku leƙa bayan labule ba. Ka ɗauki kujera ka shiga ɗakin can ka zauna kusa da yayanka har ya gama sabon allo, ka ga abin da ka kira ƙarami."

Aka yi biki ba lamba. Kafin a kawo wata tagullar aka yi mako uku. A cikin makonnin nan ɗaya daga cikin tsofaffin, wadda ta riga ta ɗinka sabon zane don ranar da za a maƙala mata tata, ta koma ga Ubangiji. Ba ta san Dogara ba, ba ta san Tanimu ba. Dogara da kansa ya kai wa 'ya'yanta lambar. Tsohon kuma ya ɗauki ɗaya mai tozo ya rataye a ƙusar nan, kusa da gwajin. Ko daga baya makullin ya fito daga aljihu, ba shi ya tara ku ba.

Ma'anar wannan misali ita ce: maigidan nan Ubangiji ne, ya kuwa san hanyar ɗakin baya. Aikin da aka yi ba wanda ya gani, shi ya gani, ya riga ya rubuta suna a kai. Mai hassada yana zaton ɗan'uwansa yake yanka, alhali allon da ke hannunsa yake ƙwaƙulewa. Babba a gida kuwa allo ne, yara su ne tagulla. Ba abin da ka faɗa musu suke bi ba, kwarin da ka sassaƙa suke bi, a ƙanƙance, amma daidai.

Yanzu bari in daina kewaye-kewaye.

Rifkatu, shekara biyar kina juya mahaifinku a gado, kina yi masa wanka, kina ba shi koko da cokali. Ni shaida ce, Allah ma shaida ne. Ranar addu'ar godiya bayan jana'iza, fasto ya tsaya a gaban jama'a ya ce Irmiya ya riƙe mahaifinsa har ƙarshe. Na ga fuskarki. An cuce ki a ranar, ban ce ba a cuce ki ba. Amma ba ki je kin sami ɗan'uwanki kin gaya masa ba. Kin koma gida kin ɗauki cizal. Kina tuƙa tuwo kina cewa a gaban 'ya'yanki, su kawunku masu babbar riga, su ake gani. Kina faɗa kina murmushi, kina shafa wa maganar mai, don kada a ce kin zagi kowa.

Ranar Ista ina zaune a ƙofar ɗakina, 'yar Irmiya ta shigo ta durƙusa ta gaishe ki, ta juya ta gai da 'yan'uwanta. Na dubi 'ya'yanki uku. Babban ya karkata baki hagu ya ja tsaki. Na tsakiya ya karkata baki hagu ya ja tsaki. 'Yar autarki mai shekara biyar, wadda ba ta san me ake kira hassada ba, ita ma ta karkata baki hagu, ta ja ɗan ƙaramin tsakinta. Ban bukaci kamfas ba.

Kada ki yi saurin kuka, ban gama ba. Na san inda kika samo karkata bakin nan, domin na taɓa ganinsa a madubi. 'Yar'uwata, innarku Asabe, ita ce take ba da waƙa a taron zumunta, ni ina bayan majami'a ina fama da hayaƙin tukwane. Ita ake tafa wa. In na dawo gida nakan faɗi abin da na faɗa a bakin murhu, ke kuma kina gefena kina tsince shinkafa. Har Asabe ta mutu ban taɓa ce mata muryarta tana da daɗi ba, alhali tana da shi. Tozon daga allona ya fito. Na roƙi Ubangiji gafara, yau kuma ina roƙonki.

Irmiya, kai kuma da ka gyara zama, sauko. Da fasto ya faɗi maganar nan, ka sunkuyar da kai kamar mai tawali'u, ka karɓa. Ka san sau nawa ka zo a shekara biyar ɗin, ni ma na sani. Da ka miƙe ka ce, a'a, ga wadda ta yi aikin, da ba mu zauna nan yau ba. Shekara biyu ke nan, ko a waya ba ka ce mata sannu ba.

Saratu da Filibus, kun ɗauki jaka kun tsaya a inuwa. Uwar zumunta baƙuwa ce a shagon can, ku ba baƙi ba ne a gidan nan.

Ranar Lahadi mai zuwa akwai jibin Ubangiji a majami'a, ba na so in ga hannuwanku sun miƙa don karɓar gurasa alhali bakinku a karkace yake. Jikokina ba su bushe ba tukuna, ana iya sāke allo. Amma kun ji labarin tsohuwar da ta ɗinka zane, ni ma ba yarinya ba ce, kada ku sa ni jira.

Na tuƙa tuwo, a kwano ɗaya na zuba. Zan shiga ɗaki in rufe ƙofa. Ku sasanta maganar nan a tsakaninku kafin ya huce. Irmiya, kai za ka fara. Rifkatu, ki bar shi ya kai ƙarshe.